Wanda Ya Kama Kundin Saint-Odric

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Alastair Pruden ya kira ni a waya. Tun da ya fara da tambayar lafiyar ƙanwata Bernadette na san da magana a bakinsa, don ko sunanta ba ya riƙewa. Shi ne yanzu shugaban kwamitin da ke buga tsofaffin kundaye a nan Toronto. Alastair, wanda muna ɗalibai sai ya leƙa takardata yake haye jarrabawar Latin.

Ya ce, "Len, maganar Saint-Odric ce."

Na ce ana kan aiki.

Ya yi wannan dariyar tasa ta hanci. "Haka muke bugawa a bayan mujalla duk shekara, tsoho. L. Dunphy, ana kan aiki. Tun ina da gashi a ka."

Daga nan ya fito da ita. Wai Colette Arsenault, yarinyar da suka ɗauko daga New Brunswick suka ba ta tsohon ofishina, tana son kundin. Kwamiti zai zauna ranar Juma'a ta ƙarshen wata, suna so in je in faɗa da bakina ko na sake shi.

Alastair ya san al'ada kamar yadda na san ta. Idan mutum ya sanar cewa shi zai karance wani tsohon kundi, ya kwafe shi, ya yi masa sharhi ya fitar, kowa janye hannunsa yake yi har sai mai shi ya gama ko ya ce ya bari. Babu doka, babu kotu. Kunya ce kawai ke gadin abin. Ni na kama kundin gonakin gidan ruhubanawan Saint-Odric, Kiristocin nan masu keɓe kansu don ibada, fiye da shekara talatin da suka wuce, lokacin da babu wanda ya san yana nan sai ɓerayen ma'ajiyar takardu a arewacin Faransa. Ban ce na bari ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ofishina ma bai ishe ta ba.

Laraba, 5 ga Maris, da hantsi

Na sauko da akwatunan daga saman kabad. Hotunan warƙoƙin da na ɗauko a Faransa duk sun koɗe, ban san wace irin takarda suka wanke mini su a kai ba. Fitilar teburin nan kuma ba ta da wani ƙarfi. Zan sa Bernadette ta sayo wata.

Ba ma sai na duba ba. Na san abin da ke ciki. Ƙarni na tara, wani cikin ruhubanawan ya bi ƙauyukansu ɗaya bayan ɗaya yana rubuta wa ke noma wace gona, kaji nawa zai kawo, ƙwai nawa, zuma, kwanakin da zai yi wa gidan huɗa, amalanken da zai ja da ruwan inabi zuwa bakin kogi. Akwai wata gwauruwa Ermengard da ke riƙe da dutsen niƙa mai juyawa da ruwa. Ni na fara cewa waɗannan mutane ba addu'a kaɗai suke yi ba, suna sayar da rarar hatsi, suna da hannu a kasuwa. Na faɗa a taro ina saurayi, dattawa suka yi mini dariya. Yau kowane yaro yana faɗar haka kamar da shi aka haife shi, kuma sunan da suke jingina maganar da shi ba nawa ba ne, don ni ban fitar da littafi ba.

Littafi. Saboda rashinsa na yi ritaya a Dokta, Alastair kuwa Farfesa ne tun kafin ya yi furfura, da littattafai huɗu da babu wanda ya taɓa kai ƙarshen ɗaya.

Alhamis, 6 ga Maris, bayan abincin rana

Bernadette ta kai ni wurin nan na kowace Alhamis. Ba zan rubuta maganarsa a nan ba.

A hanyar dawowa, tana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, ta ce, "Lenny, ka gaya musu mana."

"In gaya musu me?"

"Kai ma ka sani. Mutumin da ake yi wa allura a ido ba ya wasan ɓuya da kwamiti."

Na ce ta kula da hanya. Ta ce ita dai tana ganin hanyar, shi ya sa makullin motar yake hannunta. Shekara sittin da wani abu bakin yarinyar nan bai canza ba.

Asabar, 8 ga Maris, da safe

Sabuwar fitilar ma haka take.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Na je laccar Colette. Ban yi niyya ba, amma na je, na zauna can baya kusa da ƙofa. Zauren ya cika har da masu tsayuwa a jikin bango. Ni a zamanina idan na tara mutum goma sha biyu, rabinsu sanyi suka shigo gudu.

Ƙasusuwan alade ta kawo musu. Ƙasusuwa, da ƙurar furanni da aka haƙo a gindin tafki, da ɓaraguzan tukwane. Daga haƙoran alade wai za a gane ko an yanka shi a gida ko an kora shi kasuwa. Hotunan da ta haska a bango duk dishi-dishi, na'urar jami'ar nan ta tsufa, amma mutane sai gyaɗa kai suke kamar suna coci.

Abin haushin, ta iya. Muryarta ba ta rawa. Ta yi raha a kan wani shugaban ruhubanawa da ya hana cin nama alhali bayan ɗakin girkinsa tsibin ƙashi ne, zaure ya fashe da dariya. Ni ma na kusa. Latin ɗinta kuma ba laifi, na kasa kunne in kama ta ko sau ɗaya, ban samu ba.

Ta zaga gidajen ruhubanawan yankin kaf, ta ambaci wannan ta ambaci wancan, da ta iso Saint-Odric sai ta tsallake, kamar mai kewaye karen da ke barci a bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan kam muna jiran Dokta Dunphy, wanda na hango can baya, kuma shi ya fara buɗe mana wannan hanyar." Kawuna suka juyo. Aka tafa. Irin tafin da ake yi wa tsohon soja a keken guragu.

Wurin shan ruwan inabi da cuku na gaisa da wata mata da sunan matar Alastair, ashe ba ita ba ce. Hasken zauren nan ma ba shi da kyau. Alastair ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ji yadda take girmama ka?" Na ce na ji, haka ake yi wa gawa. Ya ce, "Kai dai ba ka canzawa," ya juya wajen da ake dafifi a kanta.

Laraba, 12 ga Maris, da rana

Tsohon ofishina tagarsa tana kallon wani itace. Ko ta san hita ɗin ɗumama ɗakin sai an buge shi da ƙafa yake tashi? Kada kowa ya gaya mata.

Juma'a, 14 ga Maris, da yamma

Bernadette ta kawo mini kwamfutarta ta hannu tana murna kamar ta tsinci wani abu. Ma'ajiyar takardun can Faransa ta ɗora hotunan kundin gaba ɗaya a intanet, tun bara ko bara waccan. Kowace warƙa, da launinta, har ramukan da tsutsa ta ci a fatar. Da yatsu biyu ake buɗa harafi ya cika fuskar na'urar.

Ni wata uku na yi ina roƙon wani tsohon mai gadin takardu kafin ya bar ni in taɓa shi, da safar hannu, yana tsaye a kaina yana tari. Na ci busasshen burodi a ɗakin haya mai yoyo don in ƙara kwana. Yanzu duk wanda ke zaune a bas zai iya buɗe Ermengard tsakanin tasha da tasha.

Ke nan Colette ta karanta. Ba shakka ta karance shi tas, wataƙila tana kwance a kujera tana cin gyaɗa. Ta san duk abin da ke ciki, ta tsaya gaban mutane ta yi shiru a kansa saboda ni. Ban roƙe ta ba. Na fi son ta sata, in sami abin da zan riƙe.

Bernadette ta buɗa mini harafin har ya kai girman tafin hannu, ta ce, "Yanzu fa?" Na ce ta ɗauke abinta, wasan hoki ya kusa farawa.

Lahadi, 16 ga Maris

Ban je coci ba. Ban yi komai ba.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Colette ta zo gidana. Bernadette ce ta buɗe mata, kuma daga yadda suka gaisa na gane ba yau suka fara magana ba. Ta kawo 'yan kek ɗin nan masu man shanu da sukari. Ta cire takalmanta a bakin ƙofa saboda laka, ta shigo da safa, ta zauna a kujerar da na ajiye akwati na biyu a gefenta, ba ta ko kalle shi ba. Wannan ma dabara ce.

Ta ce, "Dokta Dunphy, ba na son mu haɗu a gaban kwamiti kamar masu shari'ar gona. Ga abin da na zo da shi. Mu yi tare. Sunanka a gaba, nawa a baya. Ni in riƙa karantowa, kai kana faɗa mini abin da nake karantawa."

Na ce ina da idona.

Ta ce, "Na sani." Na ji Bernadette ta daina motsa cokali a kicin.

Don in kunyata ta na ce ta buɗe ƙauye na huɗu ta karanta in ji. Ta karanta. Ban taɓa jin kundin nan a bakin wani ba. Sunayen suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, Teutbald da matarsa da 'ya'yansu, kaji, ƙwai, kwanakin huɗa, kamar ana kiran mutanen unguwarmu. Ta yi tuntuɓe a wuri ɗaya, na gyara mata da ka, na gaya mata dalilin da ya sa gonakin wannan ƙauyen suka fi na sauran ƙanƙanta: sabon sharar daji ne, shugaban gidan ya zaunar da baƙi a kai ya rage musu aiki don kada su gudu. Ta ce, "Wannan ba ya cikin kowane littafi." Na ce ai na sani.

Har shayi ya huce ba mu lura ba. Rabon da in yi magana haka tun ina koyarwa.

Sai ta ɓata komai. Ta ce bazarar da ta wuce ta je wurin. Ta sa takalmin roba ta shiga rafin, ta sami duwatsun da aka tare ruwa da su, daidai inda kundin ya ce dutsen niƙan Ermengard yake. "Ruwan sanyi kamar me, Dokta. Na tsaya a ciki ina ta dariya ni kaɗai, wani manomi yana kallona daga kan tarakta."

Ni ban taɓa zuwa ba. Wata uku ina garin da ke kusa, ban taɓa hawa bas na je ba, don a lokacin an koya mana cewa tarihi a takarda yake, laka ta masu haƙa ce. Fiye da shekara talatin ina tare da matar nan Ermengard, wata ce ta tsaya a rafinta.

Na ce zan yi tunani. Da ta tafi ban ci kek ɗin ba. Bernadette ta ci uku.

Laraba, 19 ga Maris, da safe

Sunana a gaba. Na san yadda ake yi. Shekara biyu za a ce Dunphy da Arsenault, daga nan ɗalibai su gaji da tsawon, su ce bugun Arsenault. Ita za a gayyata Paris ta yi bayani. Za ta ce marigayi Dokta Dunphy mutum ne mai kirki, a sake tafawa.

Alhamis, 20 ga Maris, da rana

Wurin nan kuma. Likitar ta yi wata magana a kan idon hagu. Ban saurara ba.

Bernadette ta saurara. A mota ta ce, "Yarinyar nan alheri ta kawo maka har gida."

"Ba yarinya ba ce, farfesa ce. Kin manta? Ni ne ba farfesa ba."

"To kishi kake da ita ko aikin kake so ya fito?"

Na ce wa ya ce ba za a haɗa biyun ba.

"Lenny, Mama ta sayar da fiyanonta don ka je Faransa. Ni ban je ko'ina ba. Ina so in riƙe littafin nan a hannuna kafin a binne ɗayanmu, ko da sunan mutum goma a bayansa."

Ba ta taɓa faɗar maganar fiyanon ba sai yau.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Na zauna tun safe da gilashin ƙara girman rubutu. Idan na gama ƙauye ɗaya tsaf na kai musu ranar Juma'a, bakin Alastair zai mutu. Layin yana farawa daidai, sai tsakiyarsa ta lanƙwashe ta ɓace, in na karkata kai ta dawo, in na koma ga takardata in rasa inda alƙalamin yake. Abin da na rubuta da safe na kasa karanta shi da rana.

Ita a zama ɗaya ta karanta wannan ƙauyen, tana riƙe da kofin shayi.

Litinin, 24 ga Maris

Rabin warƙa.

Laraba, 26 ga Maris, da yamma

Alastair ya sake kira. "Len, kada ka sa mu yi abin da ba a taɓa yi ba. Akwai matasa a kwamitin da ke cewa al'adar nan ta mutu, a jefa ƙuri'a kawai." Na ce su jefa, in ga wanda zai fara ɗaga hannu yana kallon fuskata. Ya ce, "Ai matsalar ke nan, tsoho, su ba su san fuskarka ba."

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe uku na rana

Na sa kwat ɗina mai kyau. Bernadette ta ajiye ni a bakin ginin, ta ce za ta jira a mota, kuma in tuna abin da ta ce.

Suna zaune kewaye da dogon tebur, taga a bayansu, fuskokin duk inuwa. Na gane Alastair da sanƙonsa, na gane ta da muryarta. Alastair ya yi doguwar shimfiɗa a kan gudummawata, sannan ya ce Farfesa Arsenault ta kawo shawarar haɗin gwiwa, kwamiti na murna da ita, saura jin ta bakina.

A mota na shirya cewa to. Har na gwada yadda zan faɗe ta. Amma kafin a zo kaina wani saurayi a ƙarshen teburin ya juya wajenta ya ce, "Colette, in kin fara a bana, za mu iya sa ran fitowarsa kafin babban taron Paris?" Ita ya tambaya. Ina zaune a wurin, ban buɗe baki ba tukuna, har an ba ta ranar fitowa.

Na ce, "Ban sake shi ba. Ba na kuma neman mataimaki. Ana kan aiki."

Alastair ya ajiye alƙalaminsa da ƙarfi. "Haba, Len. Wane aiki? Kowa a ɗakin nan ya san..." Bai ƙarasa ba. Saurayin ya ce hotunan suna intanet, kundin ba gadon gidan kowa ba ne, a jefa ƙuri'a a wuce wurin. Wasu suka ce haka ne. Na ji kujeru suna motsi.

Sai ta ce, "Ba sai an jefa ba. Ko kun ba ni ba zan karɓa ba."

Ta ci gaba:

"Dokta Dunphy ne ya kama shi. Malamina ya koya mini ba a tsallaka wannan, kuma ni ma akwai kundin da na kama, ba na so wani ya tsallaka ni ranar da na yi jinkiri. A bar layin yadda yake a mujalla. Zan jira."

Alastair ya ce, "Ki jira har yaushe?"

Wani ya yi gyaran murya. Ta ce, a hankali, ba tare da wani nufi a muryarta ba, "Ina da ayyuka da yawa a gabana. Ba sauri nake ba."

Shi ke nan. Na ci. Ita ta riƙe mini kwat na zura hannu, ta raka ni har bakin matakala, ta ce in yi hankali, ta ukun ta ɗan karye a gefe.

A mota Bernadette ta dube ni ta ce, "To?" Na ce kundin yana hannuna. Ta tada mota. Ba ta yi mini magana ba har yanzu.

Asabar, 29 ga Maris, da safe

Colette ba ta kai arba'in ba. Ni watan gobe zan cika saba'in da biyar. Yanzu na gane har yaushe za ta jira.

Lahadi, 30 ga Maris, da hantsi

Na tambayi Bernadette ina ƙwayoyin hawan jinin da na daina sha tun Kirsimeti. Ta miƙo mini. Na ce daga yau kada ta sa mini gishiri, naman alade na safe ma a bari, kunun hatsi ya isa. Na sa takalmi na ɗauki sanda na ce zan taka zuwa wurin shaƙatawa in dawo.

Ta tsaya a bakin ƙofa da tawul ɗin kwanuka a kafaɗa. "Shekara nawa ina roƙonka ka yi wannan ka ƙi. Yau don wa kake yi?"

Na fita. Ƙanƙara ta fara narkewa, hanyar duk ruwa, sau biyu na tsaya in huta a jikin shingen mutane. Amma na kai, na kuma dawo da ƙafata.

Colette ta ce ba sauri take ba. To, ni ma haka. Gobe zan ƙara nisa.